Wanda Ya Ɗauko Duwatsun

A tsohon garin Jidda, wata mai zagayawa da baƙi ta tsaya a kan wani dattijo a ƙofar gidan tarihi.

"Baba, ɗan matsa, za su ɗauki hoto. Yalla, yi sauri."

"In matsa? Ina jin ki, wai attajirin jiragen ruwa ne ya gina gidan nan. Da hannunsa? Mahaifina ne ya yi ta ɗauko duwatsun nan daga bakin teku a ka, har wuyansa ya karkace!"

"To laifina ne? Kakana ma dako ya yi a tashar jirgin."

"Kin gaya musu?"

"Na ce musu ɗan kasuwa ne."

"Halas, shi ke nan, 'yata, na matsa. Kakanki ma ai kin matsar da shi."