Ƙa'idar da Yaya Ilu Ya Tsaya a Kai a Bakin Ƙofa

Yaya Ilu, yau ma ƙannenmu sun zagaye ni a gindin rumbu, wai sai na ba su labarin Kano. Na ba su. Na fara daga akuyar da Inna ta sayar ta yi mana kuɗin mota, ta ɗaure su a bakin zanenta tana cewa, "Ku dawo kafin ruwan shuka, gonar nan ba ta san ci-rani ba."

Na gaya musu ɗakinmu na haya a Fagge, da maigidan nan da ke cewa, "Kai, 'yan ƙauye, ku daina taka mini tabarma da ƙafar jaki!" kai kuma ka amsa masa, "Baba, jakin ma haya yake biya." Sun yi dariya har ƙanwarmu Dije ta faɗi. Na gaya musu yadda muke ga-ruwa, garwa biyu a sanda, daga famfo zuwa Sabon Gari, matan can suna kiran "Wata! Wata!", wai ruwa da Turanci, ni kuwa ina ɗaga kai sama ina neman wata da rana tsaka.

Har labarin Malam Yohanna na ba su, malamin makarantar nan ɗan Zariya da muke kai wa ruwa. Ka tuna ran da ya ce mu ajiye garwa mu huta a inuwar mangwaronsa? Gari duk ana ta zancen kwanstitushan, kai ka ce masa, "Malam, wannan kwantushan ɗin ci ake ko sha?"

Ya ce, "Ƙa'idar mulki ce, Ilu. Akwai wata ƙasa, Amurka. Da can Sarkin Ingila ne ke mulkinsu. Suka yi yaƙi suka kori sojansa, manyansu suka zauna suka rubuta: ba sarki, shugaba zaɓensa za a yi, lokacinsa ya cika ya sauka. Daga baya suka ƙara da cewa mutum ya faɗi ra'ayinsa, jama'a su taru, kuma ba mai shiga ɗakin mutum ya yi bincike sai da takardar alƙali."

"Ko ɗakin talaka?"

"Ko na talaka."

Na ce, "Har bayi?" Ya ce a'a, su ba a sa da su ba a lokacin. Kai ba ka ji wannan ba, idonka na kan littafin da yake karanto mana.

A hanya ka ce mini, "Habu, da Turanci aka rubuta. Nan ma Turawa ke sama da kowa. In sanƙira ya yi shela a ƙofar fada, ai har ƙauyenmu ta hau kanmu." Na yarda. Wa zai ce Bature da Bature dokarsu ba ɗaya ba ce?

A nan nake tsayar wa yara da labarin, Yaya. In ce dare ya yi.

Ban gaya musu makon da Fagge ta yi tsit ba, ana kama masu zuwa laccar siyasa, ana bi gida-gida ana neman katin jam'iyya. Mu ko lacca ba mu taɓa zuwa ba. Da hantsi ne, muna ɗaura garwa, muka ji takalma a zaure. Masu kamen ne, da kulake. Na lafe bayan garwani.

Kai ka tsaya a bakin ƙofa, ka buɗe hannuwa.

"Kauce," in ji babbansu.

"Ranka ya daɗe, ina takardar alƙali?"

"Takardar me?"

"Ƙa'ida ce. Ba a shiga ɗakin mutum sai da ita. An rubuta."

Suka dubi juna. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Ashe lauya ne ɗan ga-ruwan." Amma ba ka matsa ba. Ƙarar kulkin nan a kanka, har yau in Inna ta fasa itace sai na zabura.

Ba su sami komai ba sai tabarma da buta.

Ka kwana kana kiran ruwa, kai da ka shayar da rabin Sabon Gari. Kafin la'asar ɗin washegari ka cika. Maigidan nan mai faɗa shi ya yanko likkafani. Malam Yohanna ya zo ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, yana cewa, "Amurka na ce, Habu. Ban ce ta iso nan ba." Bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba.

Na dawo da sandar garwarka kaɗai. Na ce wa Inna ka tsaya ƙarasa wani aiki, kana tafe.

Yanzu ga hadari yana haɗuwa a gabas, 'yan ci-rani duk sun dawo, saura kai. Jiya Inna ta kai garmarka maƙera aka gyara mata baki, ta jingine ta kusa da tawa. Kowace mota ta tsaya a bakin hanya, sai ta aiki Dije ta duba.

Ina tsoron ruwan nan, Yaya, fiye da yadda na ji tsoron kulki. Ran da ya sauka, Inna za ta tambaye ni. Har yanzu ban gaya wa kowa ba.