Fartanyar da Baba Ya Ɗaura Mini

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Idi, tsohon malamin gona, daga Yalwa ta Rano.

Tun zamanin Turawa, ranar da zan tafi makarantar midil, Baba ya ɗaura fartanya a kan akwatina. Kunya ta kama ni. Ya ce, "Idi, ka yi karatu, amma duk hutu ka dawo gona. Mutanenmu ba sa sauraron mai laushin hannu."

Da aka tura ni aiki Kibiya, wani dattijo ya riƙe hannuna wajen gaisawa, ya ji kanta, ya ce, "To, faɗi, muna jinka."

Allah Ya jiƙan Baba. Yau jikana ya gama karatun noma, bai taɓa kama fartanya ba. Jama'a, me zan ce masa?