Gadar Mai Aski

A ɗakin jira na ofishin da ke raba tallafin gwamnati ga ƙananan garuruwa, wata mai ɗinki ta lura tsohon da ke gefenta yana ta leƙen takardarta.

"Baba, ko in miƙo maka ka karanta da kyau?"

"A'a, 'yata. Gani na yi kin rubuta kekunan ɗinki. Duk matsalar garinku ke nan?"

"Mata ashirin ke jira in koya musu, keke ɗaya gare ni. Kai me ka zo nema?"

"Gada. Da damina rafi yakan raba garinmu biyu, manoma su kasa fito da kaya."

"Ashe manomi ne kai."

"Aski nake yi."

"To me ya haɗa mai aski da kayan gona?"

Tsohon ya gyara zaman hularsa. "Jama'a suka turo ni."

"Baba, tsakaninka da Allah."

"To, autata ce ke aure a tsallake. Wata huɗu ba na ganin jikokina. Bara ƙaramar ta fara tafiya, sai dai labari na ji."

"Ka rubuta haka?"

"Haba! Gwamnati ta gina gada saboda jikar mai aski?"

Ta yi dariya, sannan ta sunkuyar da kai. "Ni ma ta farko cikin matan nan mahaifiyata ce. Tun rasuwar babanmu take zaune a ɗaki, ba ta kula kowa."

Tsohon ya miƙo mata bironsa.

"Rubuta ta a sama, 'yata. In kin faɗi taki gaskiyar, ni ma zan faɗi tawa."