Takardar Zubin Farko

A ɗakin jira na wani wurin gwaji mai zaman kansa a Montevideo, Doña Nélida ta ƙanƙame kwalbar man wiwi na magani. Wani mutum mai fulas a hammata ya zauna gefenta, bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Mama, me ya kawo ki?"

"Jikata ce mai farfaɗiya. Wata takwas tana lafiya lau, muna buɗe sabuwar kwalba ciwon ya dawo. So nake a auna abin da ke ciki."

"Wahalar banza. Ba da takardar gwaji aka sayar miki ba?"

"Da ita. Amma lambar takardar daban, ta kwalbar daban."

Ya yi dariya. "Ai haɗa irin wannan man sana'ata ce, Mama. Wa zai gwada kowane zubin da aka haɗa? Na farko muke kawowa, takardarsa ta bi sauran."

"Ko da ƙarfin maganin ya ragu?"

"Ɗan raguwa ba ya kashe kowa."

Ta juyo da kwalbar a hankali. Ya ga tambarin kamfaninsa, dariyar ta ɗauke.

"Kawo in canza miki da sabuwa, kyauta."

"A'a, ɗana." Aka kira sunanta, ta miƙe. "Wannan ɗin za a gwada."