Jana'izar Baba a Cikin Filash ɗin Gwaggo

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu, wanda ba ya raina kukan kowa komai ƙanƙantarsa.

Sunana Bitrus. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne mai zama a bencin baya yana gyara wa mai sanarwa Hausa a zuci. Malamin makaranta ne ni a Gombe kafin karatu ya kawo ni Manchester. Na sha jin shaidar warkewa daga ciwo da ta kuɓuta daga haɗarin mota. Tawa ta kwamfuta ce. Kada ku yi dariya tukuna, babana yana cikinta.

Baba ya rasu lokacin da fasfona yake ofis ana sabunta mini biza. Ni ne ɗan fari, amma ta waya na ji ana rufe kabarinsa. Ƙanwarsa, Gwaggo Rifkatu, wadda ke zaune a Small Heath a Birmingham, ita ta samu zuwa. Ta dawo da bidiyon jana'izar cikin filash, a ƙulle a haɓar zane kamar goro. Mai ɗaukar bidiyon kuwa ya riga ya goge nasa, wai yana neman wurin zuba bikin aure. Wato a duk duniya, a ɗan abin nan kaɗai zan ga yadda aka raka mahaifina.

Kun san al'adarmu. Bidiyon rasuwa ba a aika shi, kai shi ake yi. A bi gida gida, a zauna, a kalla, a yi kuka, a ci tuwo. Filash ɗin ya gama zaga Birmingham kafin Gwaggo ta kawo shi flat ɗinmu a Withington.

Matata Saratu ta ja ni kicin, ta ce, "Malam, abin nan ya shiga kwamfutoci da yawa. A duba shi tukuna."

Na ce, "A gaban Gwaggo? Ai kamar ta kawo mini tuwo ne in tsaya ina sansanawa."

Ko da na yarda ma, da me zan duba? Antivirus ɗinmu, mai tsare kwamfuta daga cuta, ya daina aiki tun da daɗewa. Lokacin ƙaramar hukuma na ta rage kashe kuɗi, an rage wa Saratu ranakun aiki a gidan tsofaffi, sabunta shi bai ma shiga zancenmu ba.

Na sa filash ɗin. Muka kalla, muka yi kuka, na kwafi bidiyon na ajiye.

Ba a jima ba kwamfutar ta fara ciwo. Ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Tallace-tallace suna ta buɗe kansu. Daga nan aka fara aika wa mutane saƙo da sunana, ana tallar maganin rage tumbi. Har uwargidan Fasto ta samu.

Tsoro ya kama ni. Na yi abin da mai tsoro ke yi, na goge komai da komai, na sake zuba mata tsarin aiki daga tushe. Kwafin bidiyon ya tafi tare da sauran. Ban damu ba, ai Gwaggo tana da na asali.

Na roƙe ta, ta sake hawo mota ta zo. Na sa filash ɗin.

Babu komai a ciki.

Na cire, na hura shi kamar mai fifita wuta, na mayar. Babu komai. Kafin mu gama kallon juna, tallar nan ta sake leƙowa. Cutar ta dawo, Baba kuwa bai dawo ba.

Gwaggo ta dube ni, ta ce, "Bitrus, kwamfutarka ta cinye mini yayana." Ta ajiye filash ɗin a kan tebur, ta ɗauki jakarta. Ko ruwa ba ta sha ba.

'Yan'uwa, kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. A bas ɗin Oxford Road sai in wuce tashata. Ina ta ƙoƙarin tuna abin da na gani a bidiyon, wa ya ɗauki akwatin, wace waƙa matan zumunta suka yi, amma kullum abin sai ƙara dushewa yake. Na koyar da yara yadda ake rubuta wasiƙar ta'aziyya, ga shi na rasa kalma ɗaya da zan faɗa wa ƙannena a gida.

Wata safiya na kai hannu zan sake gwada dabarata, sai hannun ya ƙi. Na durƙusa a kicin. Addu'ar ba ta da tsari, da ɗalibi ne ya rubuto mini ita da na cika ta da jan biro. Na ce, "Ubangiji, ban ga an sa shi a ƙasa ba. Kada ka bari in rasa shi sau biyu." Abin da ya sauko mini a rai shi ne: cire hannunka, buɗe bakinka.

Da na fito, sai ga maƙwabcina Kabiru a matakala. Bakano ne, Musulmi, yana digirinsa na uku a kan kwamfuta a jami'armu, kuma ya zo mini gaisuwa lokacin rasuwar.

Ya ce, "Malam Bitrus, na ga saƙonka na maganin tumbi. Na gode, amma da ka faɗa mini ido da ido."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai hawaye. Na faɗa masa komai.

Abu na farko, ya cire kwamfutata daga intanet. Sannan ya ɗauko tasa, wadda ya hana ta buɗe filash da kanta, kuma antivirus ɗinta sabo ne. Ya sa filash ɗin, ya duba, ya ce, "Ka ce babu komai, amma ga shi ya nuna a cike yake. Buhun da babu komai ba ya nauyi. Irin wannan virus ɗin ɓoye kaya yake yi."

Ya yi scan, wato ya bincike filash ɗin, aka kama ɓarawon aka fitar. Ya umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayil. Na rufe idanuna.

Muryar matan zumunta ce ta buɗe mini su. Haleluya!

Sauran yinin a kan tawa muka yi. Ya tashe ta a yanayin da cutar ba ta iya motsi, ya wanke ta, ya sa mata antivirus na kyauta, ya sabunta duk abin da ya tsufa. Daga tasa na canja password ɗina duka. Bidiyon kuwa muka kwafe shi a faifai da wani filash sabo, na Gwaggo aka goge shi tas aka sake zuba bidiyon a ciki.

Da zai tafi ya ce, "Saura naka. Duk gidan da filash ɗin nan ya shiga, cutar tana can tana jira. In ya koma, zai sake ɗaukowa."

Wannan ya fi mini wuya. A motar Birmingham na tsara jawabi mai gabatarwa da kammalawa. Da na durƙusa a gaban Gwaggo, duk ya gudu. Na nuna mata bidiyon tukuna, ta yi kukanta. Sannan na faɗa mata ta inda cutar ta shigo.

Ta share hawayenta. Can ta ce, "Wato ni na yi ta raba cuta gida gida da sunan ta'aziyya?"

Na ce, "Gwaggo, ba ki sani ba. Ni da aka faɗa wa, kunya ta hana ni."

Ta miƙe, ta yafa mayafi. "Tashi mu je. Gidan da na kai kuka, ni zan kai magani."

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya amsa addu'ar kicin ta bakin maƙwabci a matakala. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku kai masa abin da kuke jin kunyar kira damuwa. In kuma aka kawo muku filash, ko Fasto ne ya kawo, ku duba shi kafin ku buɗe. Ran nan Gwaggo ta zo mana da bidiyon wani biki. Tun daga bakin ƙofa ta miƙa mini, ta ce, "Ungo, sansana tukuna."

Amin.