Amfilifayar Baba Ba Ta Shiga But

A tashar Sabon Tasha, kwandasta ya umarci wata budurwa ta sa kwalinta a but.

"Ba zan sa ba."

"'Yar'uwa, zinariya ce a ciki?"

"Amfilifayar babana ce. Da aka rufe masaƙa, komai ya sayar ban da ita. Yau mai gyara ya haɗa mata intanet, ta kuwa kama! Baba ba ya gani yanzu, amma zai ji waƙoƙin cocin ƙauyenmu kamar yana ciki."

Kwandasta ya sosa ƙeya.

"Tsohona ma masaƙa ya yi. Shi har katifa ya sayar. Shiga gaba, ki rungume abarki."

"Na gode wa Allah! Tun safe motoci ke barina a rana, hannuwana sun mutu. Amma ko ƙwarzane ba ta yi ba."