Tawada a Ɗan Yatsa

A ɗakin jiran likita, wasu mata biyu na zaune, kowacce da yaro a cinya.

"Baiwar Allah, ashe an ɗiga wa naki rigakafin shan inna. Ga tawada nan a ɗan yatsansa."

"Wa? Ni na shafa masa da kaina. Masu rigakafin da sun ga alamar sai su wuce."

"Ke da kanki? Innalillahi!"

"Har yaran maƙwabta nake shafa wa. Yaro lafiyarsa ƙalau, me zai yi da magani?"

"To me ya kawo ku asibiti?"

"Ɗan zazzaɓi ne. Sai ƙafar nan da ya daina takawa."

"Subhanallahi! Sauke shi ya tsaya mu gani."

"Ai... ba ya tsayuwa."

"Baiwar Allah, yara nawa kika shafa wa?"